Na Tsaya Bayan Hoton Ɗan Wata

Ku gyara zama, ku ara mini kunnuwanku. Ga ta nan tafe gare ku, sai dai ba irin wadda ake yi wa yara don su yi barci ba ce. Wannan da ƙafafuna na taka ta, nan cikin Illela, da rana tsaka, gari yana kallo.

Ina da ɗan fari. Ba za ku ji sunansa a bakina ba, domin tun ranar da liman ya raɗa masa shi ban taɓa furta shi ba. Ko yaron maƙwabta ne mai irin sunan, sai in kira shi da ranar da aka haife shi. A ɗakin innata na haife shi, da aka yaye shi kuma can aka bar shi. Ya tashi yana ce wa innata Inna, ni kuwa yana ce mini Yaya, yadda ya ji ƙannena suna faɗi. In ya faɗi ya fasa gwiwa a tsakar gida, wata ce za ta ɗaga shi. Ni sai in kau da kai in ci gaba da tankaɗe.

Ku na yanzu kuna ɗaukar 'ya'yanku na fari kuna yi musu rawa a gaban surukai, don haka za ku ce wannan rashin so ne. Ba shi ba ne. Kunya ce, kuma da ita ake auna mace a zamaninmu. A wurin kakata na koye ta. Ita ta ga ƙasar nan tun Nasara ba su zo ba, lokacin da mutum zai tashi daga nan ya shiga Ƙonni, wadda yau take cikin Nijar, ba mai tambayarsa takarda, ko'ina hannun Sarkin Musulmi yake. Takan ce a wancan zamani in mai gari ya rasu, dattawa ne ke shiga zaure su rufe, su fito da suna ɗaya a aika Sakkwato, rawani ya zo. Mata sai dai su ji kiɗa su tambayi wa aka ba. Ta ce tana yarinya aka naɗa wani a ƙauyensu, ɗan fari ne, uwarsa tana da rai. Ranar naɗin, da matar ta ji an fara guɗa, sai ta ɗauki igiya da gatari ta shiga daji neman itace, ba ta komo ba sai da taro ya watse. Kakata ta ce shekara da shekaru, in ana so a yabi mace a ƙauyen, sai a ce ta ɗauko halin wance. Da wannan labari aka rene ni.

Yaron ya yi boko, ya zama malamin makaranta. Ya daɗe yana koyarwa a ƙauyen Lafani har ya kai hedimasta, sannan aka maido shi gida. Bayan rasuwar ubansa, kowace safiya in ya fito masallaci yakan biyo ta gidana. Ba ya shiga ɗaki. Yakan durƙusa bayan asabari ya ce, "Yaya, an tashi lahiya?" In ce, "Lahiya lau." Ya ce, "Ina gajiya?" In ce, "Babu gajiya." Ya ɗan jima a durƙushe, ina jin numfashinsa, sannan ya tashi. In akwai wata magana tsakaninmu, ƙanwar mijina ce ke ɗauka ta kai ta kawo. Ita goggonsa ce, ba kunya tsakaninsu, ni kuma abokiyar wasata ce, babu abin da ba ta gaya mini.

Ni ungozoma ce, a hannun innata na gaji aikin. A unguwarmu da wuya a nuna gidan da ban yanke cibiya a cikinsa ba. Matan kulle da yawa ba su san hanyar kasuwa ba, amma sun san takuna tun daga zaure.

To, sai aka shiga shekarar da soja suka ce za su mayar wa farar hula mulki. Suka ce jam'iyya biyu kaɗai za a yi, kuma kowace gunduma ta zaɓi mutum guda da zai je Sakkwato ya zauna majalisar jiha ya yi magana da bakinta. Wata la'asar ina gyaran zogale, ƙanwar mijina ta faɗo gidan ko sallama ba ta ƙarasa ba.

"Matar yaya, kin ji abin da ɗanki ya yi?"

"Wane ɗa?"

"Wanda kinka tsinta bakin rijiya. Ya aje aikin gwamnati, takara zai yi. Majalisa."

Na ce, "Allah shi kyauta."

"Mi? Allah shi kyauta? Ke ko dutsi anka gaya ma wagga magana ai ya motsa. Ce Allah shi ba shi sa'a, ba mai jin ki sai ni da akuya."

Na ce, "Allah shi ba mai rabo."

Ta ce, "Ke dai anka yi tsohuwar banza." Ta ɗebi rabin zogalena ta tafi.

Na zauna da abin a raina. Aikin da ya daɗe yana ci da iyalinsa a ciki ya ajiye, ga mata ga yara. In bai ci ba, babu kujera, babu aji.

Gari ya ɗau zafi. Motoci masu lasifika suka riƙa ratsa lunguna tun hantsi har la'asar, suna kiran sunan nan da ban taɓa faɗi ba, suna ja masa wasali kamar mai tallan magani. In da mutane a gidan, sai in ɗauki taɓarya in hau daka ko babu abin dakawa. In ni kaɗai ce, sai in ajiye abin da ke hannuna in saurara har motar ta yi nisa.

Aka kuma manna hotuna. Akwai ɗaya a bangon injin niƙa, a lungun da nake bi in an kira ni haihuwa. Wata rana na tarar lungun ba kowa, na tsaya. Ku ji wani abu: yaro ya kusa arba'in, ban taɓa kallon fuskarsa na ƙare ba sai ran nan, a jikin bango. Ashe yana da ɗan tabo a gira. Ashe goshin ubana gare shi. Ina nan tsaye har na ji tafiyar mutum, na duƙa kamar ƙaya nake cirewa a takalmi.

Zaɓen wannan shekara ba irin wanda kuka sani ba ne. Babu akwati, babu lungun da mutum zai shiga shi kaɗai ya dangwala. Ƙato-bayan-ƙato ake ce masa. Da safe ka kai katinka a duba, in lokaci ya yi a kafa hoton kowane ɗan takara, ka je ka tsaya bayan wanda kake so, a bi ku kai da kai ana ƙirgawa kamar tumaki a bakin garke. Maza da layinsu, mata da nasu. Maƙwabcinka yana ganinka, surukinka yana ganinka.

Da aka bayyana mini haka, sai abinci ya daina shiga. In tafi filin makaranta, gaban maza da mata, in tsaya bayan hotonsa, ai daidai yake da in hau katanga in kira sunansa. In kuma na zauna gida, kaina ya fita daga cikin nasa, ni kuwa ina so a ƙirga kaina a nasa. Ban taɓa ba shi komai a fili ba. Abin da na ba shi duk ta hannun wani ya bi, ko na ajiye inda zai gani na bar wurin. Ga shi yau abin da yake bukata a fili kaɗai ake ba da shi.

Abokin takararsa mutumin ƙauyen Amarawa ne, tsohon malamin gona, mutum mai hankali, ban taɓa jin an faɗi sharrinsa ba. Uwarsa kuwa ƙawata ce tun muna 'yan mata, irin ƙawancen da ake ƙullawa da goro da lalle. Shekara ɗaya aka yi mana aure, shekara ɗaya muka haihu, shi ma ɗan farinta ne. Tana kawo daddawa kasuwar Illela. Ran kasuwa na same ta a rumfarta, na zauna gefen tabarma muka gaisa. Muka yi zancen damina, muka yi zancen ciwon ƙafarta.

Ita ta fara taɓo maganar. Ta ce, "Ƙawa, kin ji yadda za a yi abin ga?"

"Na ji."

"Ni dai ban ga ƙafar da za ta kai ni bayan wancan yaron ba."

"Ni ma haka."

Ta kori ƙuda daga kan daddawa. Can ta ce, "Amma naki ai ba kunya tsakanina da shi. Na sha goya shi."

Na ce, "Naki ma har tuwo na sha ba shi a baki. Ci gare shi kamar gara."

"Har yau bai bari ba." Muka yi dariya, muka dubi juna. Ta ce, "To, ki tsaya ma nawa a Illela, in tsaya ma naki a Amarawa. Tunda can sama za a haɗa duka, kowa ya samu kan tsohuwa guda. Ba wanda anka rage ma komi."

Ran nan na ga kamar ba a taɓa yin mata masu dabara irinmu ba. Ta ɓare goro ta ba ni rabi. Na ce amana, ta ce amana. Ba mu gaya wa kowa ba. Wa za mu gaya wa? Faɗin ma sai an ambaci yaran.

Ga abin da ban sani ba. Mutanen yaron, masu yi masa yawon neman jama'a, su ma sun zauna sun yi nasu tunani. Suka ce matan kulle ba su san fuskar kowa ba, ga hotunan baƙi da fari ne, dukansu biyu farar riga da hula, mace tana iya ruɗewa. Sai suka bi zaure zaure suna gaya wa magidanta: ku ce wa iyalinku kada su wahalar da kansu da hoto, su duba inda ungozoma ta tsaya su bi bayanta, ai uwarsa ce. Maganar ta shiga kowane gida a unguwar ban da nawa. Ba wanda zai tako ya yi mini zancen ɗan fari, rashin ladabi ne. Ƙanwar mijina ta sani, amma ta ga ba abin faɗi ba ne. Ina kuma uwa za ta tsaya?

Ranar ta zo. Na yi wanka, na yafa baƙin mayafina, na tafi filin makaranta. Ban taɓa ganin matan unguwarmu a waje da yawa haka ba, har amaren da ba su shekara ba, kowace da goyo ko ciki, sun raɓe jikin bangon aji suna kallon ƙasa. Maza suna can ƙarƙashin itacen dogon yaro. Malamin zaɓe baƙo ne, ba ɗan garin ba, yana tare da ɗan sanda guda. Aka duba katinmu. Da rana ta take, aka fito da kujeru biyu na 'yan makaranta aka jingina hoto a kowace, tsakaninsu bai fi taki goma ba. Malamin ya ce mata su yi layi.

Na sunkuyar da kai na wuce hoton da na sani, ban dube shi ba, na je na tsaya bayan na ɗan ƙawata. Zuciyata a kwance. Ina jin takun ƙafafu a bayana, da kukan jarirai, da ƙarar sabuwar atamfa. Na ce a raina, ashe mutumin Amarawa yana da jama'a a nan. Har na ɗan ji ba daɗi.

Sai aka taɓa mini mayafi. Wata yarinya ce da na karɓi haihuwarta bai fi wata biyu ba. Ta ce a hankali, "Inna, mun gode Allah da munka hange ki. Maigida ya ce duk inda kinka tsaya, nan ne layin ɗanki."

Na waiwaya. Layi ya miƙe daga bayana har ya kai bangon aji ya lanƙwasa. Duk fuskokin da na sani ne, waɗanda na riƙe wa baya suna naƙuda, da waɗanda su kansu ni na yanke musu cibiya. Da suka ga na juyo sai suka hau murmushi suna gaishe ni da ido. Na duba ɗaya layin. Matar yaron ce a gaba, sai ƙanwar mijina, sai matan malamai, sai 'yan tsirarun da suka san hoton. Matar ta gane abin da ke faruwa sarai, amma suruka ce, ba za ta ɗaga murya ta gyara mini tsayuwa ba. Ta dai kafa ido a ƙasa tana murza bakin gyale.

Ƙanwar mijina ce ta yi magana daga inda take. "Matar yaya, idon ya mutu ne? Ga naku nan. Wancan na Amarawa ne."

Matan bayana suka yi dariya. Duk unguwa an san wasan da ke tsakaninmu, an san ba ta taɓa ganina ta ƙyale ba, suka ɗauka yau ma tsokana ce. Ta buɗe baki za ta ƙara, ɗan sanda ya ce ba a kamfe a layi, ta yi shiru ko ta fita.

Malamin zaɓe ya ɗaga murya ya ce, "Duk wadda ta san ba a layinta take ba, ta gyara yanzu. In na fara ƙirga ba mai motsawa."

Nan nake so ku saurara da kyau, domin shekaru da yawa in ana ba da labarin nan akan ce tsohuwa ce ta ruɗe, ba ta ankara ba sai da aka gama. Ba haka ba ne. Na ankara, kuma akwai lokaci. Sau biyu malamin ya faɗi maganarsa. Tsakanin ta farko da ta biyu har ruwa ya sha, ya goge baki, ya lalubi biro a aljihu. Taki goma ne. Da na taka su, da duk layin ya biyo ni kamar zare bayan allura.

Na ɗaga ƙafa. Sai na ji maza can ƙarƙashin itace sun yi tsit, duk sun juyo, kuma na san yana cikinsu. Tsallakawar nan ta fi tsayuwar da na guje wa tun farko nauyi. In ratsa fili da jerin mata a bayana kamar masu kai amarya, in je in tsaya inda kowa zai ce ga uwa ta zo wa ɗanta. Sannan ga ƙawata. Na san a wannan sa'a tana tsaye a Amarawa cikin dangin mijinta, bayan hoton yaron da ba nata ba, don na ce mata amana. Na mayar da ƙafata inda take.

Ko hannu da na ɗaga na nuna musu can, da ya isa. Na sani. Abin da na iya kawai, na ce wa yarinyar da ke bayana, "Kowace ta tsaya inda ranta ke so."

Ta ce, "Nan muke so, Inna."

Malamin ya iso da bironsa. Da ni ya fara. Ya nuna kaina ya ce, "Ɗaya."

Ban tsaya jin adadi ba. Tun ban kai gida ba na ji kiɗa ya tashi daga wajen magoya bayan ɗan ƙawata, wani maroƙi yana ta faɗin abin da ba na so in maimaita, ƙarshensa dai yana cewa yaron har uwar da ta haife shi ta guje masa. Matan da suka bi ni sai a gida suka san abin da suka yi. An yi faɗa a gidaje da yawa ran nan. Wata har yaji ta yi. A satin aka yi haihuwa gida uku daga nawa, aka tsallake ni aka kira wata ungozoma daga bakin kasuwa.

Rediyo ya faɗi sakamako. Ɗan ƙawata ya ci. Yaron ya kawo Lafani da ƙauyukan da ya koyar, ya kawo layin maza a unguwarmu, aka ce kuma tazarar da aka ba shi ba ta da yawa. Daga nan mutane suka rabu biyu. Wasu suka ce ko da matan unguwarmu duk sun tsaya masa ba zai kai ba. Wasu suka ce da ya kai har ya wuce. Ni ban iya lissafin boko ba, kuma ban taɓa sa wani ya yi mini ba. Tsoron amsar nake ji.

Ƙanwar mijina ta daina yi mini wasa. Sai ta shigo ta yi cikakkiyar sallama, ta durƙusa ta gaishe ni kamar baƙuwa, ta tashi. Tun ina amarya take zagina ina jin daɗi. Ran da ta fara girmama ni na san abin ya kai inda ya kai.

Shi kuwa bai fasa zuwa ba. Kowace safiya yana bayan asabari. "Yaya, an tashi lahiya?" In ce lahiya lau, ya miƙe ya tafi. Bai tambaye ni dalili ba, don ɗan fari ba ya tambaya, ni kuma ba ni da bakin da zan fara. A gari ana nuna shi. In ya wuce teburin mai shayi sai a rage murya. Wasu suka ce lallai akwai abin da yake yi wa uwarsa a ɓoye, tunda mace ba ta juya wa ɗanta baya a banza. Wannan ta fi faɗuwar ciwo. Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba aka mayar da shi mai saɓa wa uwa.

Wata rana ƙanwar mijina ta gama gaisuwarta ba ta tashi ba. Ta ce, tana kallon bango, "An ce in sanar da ke. Bayan sallah zai kwashe iyali su koma Kudu. Wani abokinsa ya samo mai aiki."

Na ce, "To."

Amma na gane in ya tafi, da abin da ya gani a filin makaranta zai tafi, kuma da shi zai zauna can har ɗayanmu ya mutu.

Ran kasuwa na tafi rumfar ƙawata. Ban ko zauna ba ta ce, "Na ji, ƙawa. Na ji duka." Ita ma ta cika nata. Ta tsaya bayan hoton yaron a Amarawa, ita da wasu mata kaɗan. Dangin mijinta suka ce tsufa ya kama ta, da yake kuma nasu ya ci, sai abin ya zama na ba da dariya a wurin biki. Ta ce, "Ni anka yi ma dariya, ke anka bar ki da kuka. Ga shi goro guda munka ci."

Na ce, "Ki zo ki kwana gidana. Akwai wanda nike so ki yi ma magana da safe."

Da safe ya zo ya durƙusa. Kafin ya miƙe, ƙawata ta ɗaga asabari ta fita ta zauna bakin ƙofa. Ni ina ciki, na ba ƙofa baya, ina tsintar wake a faifai. Ya gaishe ta da ladabi, ya yi mata barka da nasarar ɗanta.

Ta ce, "Bar wannan. An gaya maka wata tsohuwa ta tsaya layinka a Amarawa?"

"An gaya mini, Inna. Sun ce ɓata ta yi."

"Ni ce, kuma ban ɓata ba. Zauna da kyau, ƙafarka za ta yi tsami."

Ta kwashe duka ta gaya masa, tun daga rumfar daddawa har goron da muka raba. Ta ce, "Ba ta iya tsayawa bayanka, sai ta aike ni. Ni ma ba ni iya tsayawa bayan nawa, na aike ta. Abin da ba mu sani ba, ita da jama'a take tafe, ni kuwa ni da sandata."

Ya gyara zama. Sannan ya yi wata 'yar dariya, ba ta daɗi ba, ba ta ɓacin rai ba. Ya ce, "Mu munka ce a bi ta. Da bakina na yarda da shawarar."

Da na bar maganar a nan, da an tashi kowa ya wanku. Amma ban kira ƙawata don a wanke ni da rabin gaskiya ba. Ban juyo ba na ce, "Ƙawa, ki ce ma wanda ke wurin nan, na gani kafin a ƙirga. Kuma da lokaci."

Ƙawata ta ce, "Ka ji."

Ya ce, "Inna, ki ce mata na sani. Ina ƙarƙashin itace. Na ga sa'ad da ta ɗaga ƙafa."

Na jira ya ce ba komai, bai ce ba. Na jira ya ce ya ji ciwo, bai ce ba. Can ya ce, "Ki tambaye ta. In da na biyu ne ni, ba na fari ba, da ta tsallaka?"

Na ce, "Ki ce mai, da gudu ma."

Ƙawata ba ta maimaita ba, don ba sai ta maimaita ba. Sannan ya ce, "To. Allah shi sa haka ya fi alheri." Ya yi mata sallama ya fita.

Sallah ta zo ta wuce, ba wanda ya ɗaure kaya. Ba a zo an ce mini ya fasa ba, ni ma ban tambaya ba. Ƙawata kuwa ta mayar da rumfarta wurin ba da labari, duk wadda ta zo sayen daddawa sai ta tafi da shi, har aka daina cewa yaron ya saɓa wa uwarsa. Aka koma cewa tsofaffi biyu ne suka yi wauta.

Ɗan ƙawata ya tafi Sakkwato ya zauna majalisa. Bai daɗe ba soja suka komo suka watsa su duka. Ya dawo Amarawa ya kama noman albasa, a cikinsa ya tsufa. Rijiyar da ya sa aka gina a ƙauyensu har yau ana shan ruwanta.

Ƙawata ta rasu wata damina, bayan ƙafar ta kwantar da ita. Ni na yi mata wanka.

Ƙanwar mijina sai da ta shekara kafin ta huce. Daga baya idonta ya tafi, aka kawo ta gidana, a nan ta ƙarasa kwanakinta. Har ta mutu tana kan cewa da na tsallaka, da ya ci.

Yarinyar da ta taɓa mini mayafi ita ce ungozomar unguwarmu yanzu. Ni na koya mata, da hannuna ya fara rawa.

Yaron ya yi shekara biyu yana noma gonar ubansa, sannan aka sake ɗaukarsa koyarwa, a nan ya ƙare aiki. Da aka komo da zaɓen akwati, wanda ba mai ganin inda ka dangwala, na aika a tambaye shi ko zai sake tsayawa. Ya aiko cewa ya gama. Yau gemunsa fari fat, yana da jikoki, maganar filin makaranta kuwa ba ta ƙara shiga tsakaninmu ba.

Ni kuwa ga ni. Duk zaɓe sai na sa an kai ni. In shiga lungu ni kaɗai, ba mai kallona, in dangwala wa 'ya'yan mutane in fito.